Iyakar Fakara

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso.

Ta zo mu saurara.

Ita Fakara, duk inda kukanta ya kai, nan ne iyakarta. Kullum da safe takan hau suri ta yi kuka don kada kowa ya shigo mata.

Ran nan sai ta ji an amsa daga ƙetaren fadama. Ta zabura za ta nufi can.

Bushiya ta ce mata, "Wata fakara ce, kuma nesa take. Koma kan ƙwanki."

Fakara ta ce, "Gwaggo, yau nesa, gobe ƙofata."

Ta bar ƙwai, ta bi suri bakwai tana kuka. Da ta dawo, sai ga Guza kwance a sheƙarta yana lasar baki.

Fakara ta ce, "Ba ka ji kukana ba?"

Guza ya ce, "Na ji, 'yata. Shi ya gaya mini kin yi nisa."

Ƙurunƙus, kan guza mai ƙoshi.