Kusurwar Inna Safina

Akwai wani ma'aikaci a Dutse mai suna Abdulkahar, ya gina gida a unguwar Takur, ya malale tsakar gidan da siminti tun daga ƙofa har bango. Da mahaifiyarsa Inna Safina ta fita takaba, sai ya je Jahun ya ɗauko ta.

Abu ɗaya ta roƙa: a bar mata kusurwar gabas, a zuba yashi. Da hannunta ta jera duwatsu ta kewaye wurin. Kullum bayan La'asar sai ta share, ta yayyafa ruwa, ta shimfiɗa buzunta, ta zauna da carbi har a kira Magariba. Shekara arba'in tana haka a Jahun.

Shi kuwa ogan naku, wurin ya tsone masa ido. In abokan ofis suka zo, gani yake kowa yashin yake kallo. Da ya sayo ƙaton janareto, sai ya rasa inda zai ajiye shi duk faɗin gidan nan, sai kusurwar Inna. Ranar da matarsa ta kai Inna asibiti a duba mata ido, aka kwashe yashin.

Ta dawo, ta tsaya tana kallon injin.

"Inna, na shimfiɗa miki kafet a ɗaki, ɗan Turkiyya," in ji shi. "Ai ko'ina Allah yana ji."

"Haka ne," ta ce. "Allah ya yi albarka."

Ta gwada ɗakin. Talabijin na surutu ta wannan bango, inji na ruri ta wancan. Bayan sati biyu ta ce za ta je Jahun barka, daga nan ba ta dawo ba.

Abin da ke ƙona min rai, sai da aka yi wata uku kafin ya gane kuskurensa. Ya sa aka janye injin, aka juye yashi, ya kama hanyar Jahun. Ya tarar tana lazimi, ya tsaya har Magariba.

"Inna, na gyara wurin. Ki yi haƙuri mu koma."

Ba ta ɗago ba.

"Yashi ko a bakin hanya akwai shi. Da ka tambaye ni, ni da kaina zan kwashe duwatsun. Amma ka jira na fita. Je ka, ban riƙe ka a zuci ba, kullum kana cikin addu'ata. Ni dai na gama zaman gidan wani."

Gidan wani. Haka ya tuƙo mota zuwa Dutse shi kaɗai.

Darasi: Ɗan wurin da mutum ya keɓe yana ganawa da Ubangijinsa ba tarkace ba ne, a nan hankalinsa yake kwanciya. Ka keɓe naka, kada ka taɓa na iyayenka sai ka tambaye su. Ku tura wa masu tsofaffi a gida, tun suna nan.