Layi Ɗaya a Takardar Ɗaukar Aiki

Ranar Laraba, goma sha tara ga watan Yunin bara, da ƙarfe goma sha ɗaya na safe, aka liƙa takarda a allon ofishin kashe gobara na garinmu, aka soke sunayen mutum uku daga jerin waɗanda za a ba aikin dindindin. Ranar zaluncin ya fara. Ku saurara da kyau, jama'a, don akwai hukuncin da ya gagare ni, ku nake so ku yanke.

Kwana tara kafin nan, mai ɗakina, Iya Tasalla, ta je jan ruwa a tsohuwar rijiyar gidanmu. Damina ta jiƙa bakin rijiyar, ƙasa ta zabtare da ita. Na leƙa, ban ga komai ba sai guga yana yawo a kan ruwa. Na buga waya ofishin kashe gobara, tunda su ke ciro mutum daga rijiya. Ashe ranar shugaban ofis ya tafi ɗaurin aure wani gari, manyan ma'aikata duk sun yi masa rakiya. Ba kowa sai 'yan wucin gadi uku, waɗanda doka ta hana su fita aiki in ba da sa hannun babba ba.

Na farko Garzali, direba. Makullin mota yana kulle a aljihun teburin shugaba. Garzali ya sa ƙarfe ya ɓalle aljihun. Lungunmu ba ya cin babbar mota, sai ya zaga ta filin makaranta, ya tsaya a bayan katangarmu, ya sungumi tsani ya haura. Da ya ga bakin rijiyar yana ta zubewa, sai ya gicciya tsanin a kai, ya ɗaura igiya a tsakiyarsa, don kada kowa ya taka gefe. Ba don shi ba, da babu tsani, babu igiya, babu wanda zai iso.

Na biyu Mudi, ɗan gidan masu haƙa rijiya. Maƙwabta sun cika gidan, kowa yana ba da shawara, ba wanda ya tuɓe riga. Mudi ya ce, “Malam, matsa. Riƙe mini takalmina.” Ya bi igiya ya sauka. Ya nutsa sau biyu bai same ta ba, a na uku ya kamo zanenta. Yana cikin ɗaure ta wani ɓangaren ƙasa ya rufto masa a kafaɗa, bai sake ta ba. Ba don shi ba, da gawa za a ciro da yamma.

Ta uku Larai, mai ɗaukar waya. Dokar aikinta ɗaya ce: kada ta tashi daga gaban wayar. Da ta ji mace ce ta faɗa, sai ta ɗale motar. Aka fito da Iya Tasalla ba numfashi. Wani dattijo ya fara salati, wata ta kawo mayafi za ta rufe ta. Maza suka ja da baya, ba mai son sa hannu a ƙirjin matar wani. Ni kuwa mijinta, ban san yadda ake yi ba. Larai ta daka tsawa, “Inna, ajiye mayafin nan, ba a kai nan ba!” Ta durƙusa tana danna ƙirji tana hura mata iska, har Iya Tasalla ta amayo ruwa ta yi tari. Ba don ita ba, da mun rufe mai sauran kwana.

Yanzu ga nawa laifin, ba zan ɓoye ba. Na ce zan rubuta wasiƙar godiya zuwa babban ofis. Garzali ya zo har zaure ya ce, “Malam, don Allah a bar maganar a nan. Godiyar baki ta ishe mu.” Na zaci kunya ce. Na ce, “Kai, yi mini shiru. Ni zan binne alheri?” Shekara talatin da biyar ina koya wa ɗalibai cewa wasiƙar da ba suna, ba rana, ba lokaci, ba wasiƙa ba ce. Na rubuta lokacin da na kira da lokacin da suka iso. Na rubuta cewa su uku kaɗai suka zo, ba babba ko ɗaya, don a san girman abin da suka yi.

Babban ofis ya tambayi shugaba inda yake a ranar. Bai amsa wannan ba. Ya rubuta cewa Garzali ya fasa teburin gwamnati, Mudi ya shiga rijiya ba izini, Larai ta gudu daga bakin aiki. Kwamitin ɗaukar aiki ya karanta, ya soke su, har wucin gadin ma aka sallame su. Shugaban kuwa yana nan a kujerarsa.

Na haɗu da Mudi a kasuwa bayan wata guda. Ya gaishe ni har ƙasa, ya ce, “Malam, an ce wasiƙar ta yi kyau ƙwarai. Ko kuskure ɗaya ba su samu ba.” Ya yi dariya. Ni ban iya ba.

Tun daga nan na rubuta takardar koke goma sha ɗaya, na taka ofishin sau bakwai. Shekaranjiya sakataren kwamiti ya kira ni ofishinsa, ya ce an samu gurbi guda. Ya turo mini takarda ya ce, “Tunda a idonka aka yi komai, rubuta mana sunan wanda ya ceci ran, ka dawo da ita ranar Litinin.” Na ce su uku ne. Ya ce, “Baba, layi ɗaya ne a takardar. In ba ka cike ba, gurbin ya wuce.”

Garzali ya yi shekara goma sha ɗaya yana jira, kuma bana shekarunsa za su haura iyakar ɗaukar aiki. In ya rasa wannan, ya rasa har abada. Mudi ya koma haƙar rijiya da kafaɗar da ba ta warke ba, kullum iyalinsa cikin fargaba. Larai ita ke riƙe da mahaifiyarta, kuma tun da ta bar ofishin babu mace ko ɗaya a cikinsa. Na tara su na tambaye su. Larai ta ce, “Baba, kada ka sake yi mana wannan tambayar. Tare muka fita.” Na tambayi Iya Tasalla, ta ce, “Ni wa na gani, Malam? Duhu na gani, sai kuma na ga rana.”

Buƙatata ba ta canza ba, kuma gurbi guda ba zai rufe mini baki ba. Shugaban ofis da 'yan kwamitin su fito ƙofar ofishin da rana tsaka, a gaban mutanen gari, su kira sunayen nan uku, su ba su haƙuri. Ni zan riga su, don alƙalamina ne ya buɗe ƙofar.

Amma Litinin jibi ce, takardar kuma tana aljihuna. Wanda ya kawo tsani, da wanda ya shiga ruwa, da wadda ta dawo da numfashi: to, jama'a, sunan wa zan rubuta, kuma da wane ido zan dubi sauran biyun?