Zabuwa da Sarautar Rijiya

Ga ta nan, ga ta nanku.
Ta zo, kunne na jira.

Zabuwa ta rasa miji, amma ta gaji bakinsa a taron gari. Rani ya tsananta, rijiya ɗaya ta rage. Dabbobi za su naɗa mai tsaronta, kuma ba a yin naɗi sai kowane gida ya yarda.

Dila ya kawo damin gero. "Uwar marayu, ki goya min baya."

"Albarka," in ji ta. "Wanda ya sayi rijiya, ruwa zai sayar mana."

Kura ta zo tana wasa haƙora. "Kin san abin da ya ci mijinki?"

"Na sani. 'Ya'yanki ma gudunki suke. Ba ki riƙe gida ba, ina ke ina gari?"

Dattawa suka ba ta baki. Ta ce da a naɗa Dila ko Kura, gara kowa ya kwana da ƙishi.

Sai ga Jaki hannu rabbana. "Yaya, tsoron Allah kaɗai nake da shi."

"To ga farashina. Marayu su sha, gari ya sha, kai ka sha ƙarshe."

Jaki ya ce ya ɗauka.

"Na sallama."

Ƙurungus kan kusu. Mai musu ya tambayi Zabuwa.