Rashin Ruwa a Cikin Ƙwarya

An yi wani ciyaman da ya ƙaddamar da rijiyar burtsatse a ƙauyen Gidan Tsamiya. Aka yi tafi aka watse, rijiya ko ɗigo ba ta taɓa bayarwa ba. Da mutanen gari suka kai kuka, sai ya harzuƙa.

"'Yan adawa ne suka zuga ku! Ku kawo mini rashin ruwan nan in gan shi da idona. In kun kasa, bana ba ku ba takin gwamnati."

Kowa ya yi jugum, ban da Tabawa mai ƙosai. Ranar da ciyaman ya tara 'yan jarida, ta shigo da ƙwarya rufe da faifai, ta durƙusa.

"Ranka ya daɗe, daga rijiyarka na ɗebo maka. Bismilla."

Ya ɗaga faifan. "Ke Iya, ai babu komai a ciki!"

"Ka dai duba da kyau."

"Na duba! Wayam!"

"To madalla, ka gan shi da idonka ke nan."

Ciyaman ya kalli 'yan jarida, ya share gumi. "Gobe za a zo gyara."

"Allah ya saka. Ba ni ƙwaryata, rashin ruwan na bar maka."