Kashi Na Huɗu Da Ba A Haska Ba

Akwai wani mai awon hatsi, Kamilu, a wata kasuwa da ke ci duk Talata tsakanin Faskari da Sabuwa. Shekara tara yana awo a rumfa ɗaya, ba wanda ya taɓa dawo masa da masara ya ce ba ta cika ba.

Sai abokinsa na firamare, Yahya ɗan Kankara, ya samu aikin shirya wasan kwaikwayo a wani gidan talabijin. Sunan shirin "Sintirin Birni", labarin 'yan sandan birni masu farautar macuta. Ana neman wanda zai fito a matsayin mai awo maha'inci. An gwada 'yan wasa uku, ko riƙon tiya ba su iya ba, wato kwanon da muke auna hatsi da shi.

Yahya ya kira Kamilu a waya. "Ka zo ka fid da ni kunya. Kashi uku za a ɗauka kai ne macucin. A na huɗu sai a gano 'yan sanda ne suka dasa ka don a kama masu yi da gaske."

Kamilu ya je Katsina ya yi, kuma ya yi da kyau, kyawun da ya zame masa jidali. Gaban kyamara ya nuna yadda ake kifa tiya a buga gindinta ciki da dutse, kowane awo ya ragu da cikin tafi guda, mai saye bai sani ba. Ya san dabarar ne don ya sha gani, ba don ya taɓa yi ba.

Aka haska kashi na ɗaya, na biyu, na uku. Mako na huɗu jama'a suka kunna talabijin, sai ga mai tallar maganin basir. An soke shirin, ko sanarwa babu.

Wani sarkin gulma kuma ya yanko daidai wurin bugun tiyar, ya watsa a wayoyi.

Jama'a, mutanenmu sai addu'a! Waɗannan fa su ne ke ganin ɗan wasa ya mutu a fim ran Litinin, ran Alhamis su gan shi ango a wani fim ɗin, ba wanda ya taɓa zuwa gaisuwa gidansu. Amma da abin ya zo kan ɗan garinsu, sai kowa ya zama alƙali.

"Wanda ya iya haka, ai ba ranar ya fara ba," abin da ake ta faɗa ke nan.

Talata uku Kamilu yana zaune yana korar kaji daga bakin buhu. Matan da ya yi shekaru yana cika wa kwano har da gyara suka riƙa wucewa kamar ba su san shi ba. Wallahi abin ya ba ni haushi.

Ana haka Alhaji Barau, shugaban masu awo na kasuwar, ya zo ya tsaya a kansa.

"Ka zubar mana da mutunci a idon duniya. Talata mai zuwa ka kwashe buhunanka, rumfar nan ta fi ƙarfinka."

"Baba, wasa ne hwa. A kashi na huɗu za a..."

"Ina na huɗun? Mu dai ukku munka gani."

Kamilu ya kira Yahya ya roƙe shi ko a waya ya turo masa kashi na huɗun. Yahya ya ce, "Ka yafe mani. Ko ɗaukar shi ba mu kai ga yi ba."

Kamilu bai yi rantsuwa ba, bai zagi kowa ba. Da Talatar ta zo, ya buɗe rumfarsa da safe kamar kullum, yana jiran a zo a kore shi.

Sai ga Hajiya Hajaratu mai waina, tsohuwar da ba ta ɗaukar raini, da tiyarta ta gida a hammata.

"Ni ban zo jin labari ba. Kifa tiyarka in gani."

Ya kifa. Ta shafa gindin da tafin hannu, sumul. Ta sa ya auna masara ya juye a tata, ta cika har tana zuba.

Ta juyo ga sauran masu awo da suka taru kallon kora. "To, tunda yaron nan ya koya mana inda ake dubawa, kowa ya kifa tashi. Mi kuke jira?"

Mata suka yi caa. Masu awo goma sha ɗaya aka bi ɗaya bayan ɗaya, huɗu gindin tiyarsu a lotse. Kuma huɗun nan su ne suka fi kowa baki a kan Kamilu.

Saura mutum ɗaya, wanda ya lulluɓe tasa da babbar riga.

"Alhaji, ɗaga rigar," in ji Hajiya Hajaratu.

"Hajiya, ni ne hwa shugaba."

"Shi ya sa. Ɗaga."

Ya ɗaga. Lotsawar tasa ta fi ta kowa zurfi, har ta yi tsatsa don daɗewa.

Kasuwa ta kaure da ihu, a kore shi, a kai shi wurin hukuma. Kamilu ya ratsa taron ya ɗauki tiyar. Ya aza ta bisa turmin wata mai sayar da daddawa, ya samu dutse ya yi ta bugun cikinta har gindin ya miƙe. Sannan ya rusuna ya miƙa wa dattijon da hannu biyu.

"Ga ta, Baba. Yanzu ta cika."

Alhaji Barau ya karɓa, bai iya ɗaga ido ba. Zancen kwashe buhuna kuwa, daga ranar ba a ƙara tayar da shi ba.

Darasi: Kada ka yanke wa mutum hukunci da guntun labari, domin sauran ba lallai ya taɓa iso maka ba. Kafin ka nuna wa wani yatsa, kifa taka tiyar ka duba. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman masu saurin watsa abin da ba su ga ƙarshensa ba.