Tsohuwar Kwamfutar Malam Dantani

Ku gyara zama, yau gardama na kawo muku.

Malam Dantani tsohon mai buga takardu ne a kotu. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya tafi da maganarsa da hannunsa na dama, idonsa kuwa da ma ya yi rauni. Bayan an sallamo shi daga asibiti sai ya daina cin abinci, yana ta ramewa. Matarsa Inna Tasalla ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta yi kuka, duk a banza. Bawan Allah yana da abin faɗa, ba hanyar faɗarsa.

An ba shi biro, ya suɓuce. An ba shi waya, yatsunsa suka yi ta zamewa a gilashi. Aka aro sabuwar kwamfuta, ya ture ta. Shi dai nuna ƙarƙashin gado yake, inda tsohuwar kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka take, mai nauyin dutsen niƙa, wadda yatsunsa suka san tudun kowane harafi nata ko ba ya gani. Shekara ashirin ke nan rabon da ta kunnu.

Takaici ya ishi Inna. 'Ya'ya uku ta haifa, duka masu sana'ar lantarki, ga su tsaye suna kiran abin tarkace. Ta ce, "Tarkacen nan ya ciyar da ku. Ku tayar da shi ko ku ba ni wuri!"

Sagir, babbansu, ya tarar batir ya ruɓe, irin cajarta kuma ta ɓace a kasuwa. Ya harhaɗa batiran zamani, ya ƙera ɗan allon da ke daidaita wutar don kada ta ƙone ta. Fitilar kwamfutar ta kawo.

Nafi'u ya tarar faifan ajiyarta ya mutu. Kwana huɗu yana narka dalma, har ya haɗa mahaɗin da ya sa ta karɓi katin ajiyar waya a madadin faifan. Ta yi ƙara, ta farka.

Ummulkhairi, autarsu, ta tarar fuskar kwamfutar ta dushe, ba kuma mai sayar da irinta. Ta ƙera wani ɗan akwati ta maƙala a wata kafa da ke bayan kwamfutar, yana karɓar haruffan da aka buga yana furta su da murya.

Malam ya ɗora hannun hagu. Akwatin ya ce, "Jar ƙwayar maganin nan tana kumbura mini maƙogwaro. Ba na iya haɗiya."

Likita ya canza maganin. Kafin mako ya zagayo Malam yana shan kunu har yana kushe shi.

Ran nan ya tara su ya buga: "Wanda ya dawo mini da bakina, shi na bar wa kwamfutar nan bayan raina. Tasalla ce za ta zaɓa." Ya rufe murfinta, ya juya wa kowa baya.

Inna ta yi tsaki. Shekara arba'in haka yake mata, ya ƙulla rigima ya bar mata kwancewa. Yanzu ga waɗanda suka kira abin tarkace ba sa ga maciji a kansa, kowa na jiran ya ji ko shi uwa za ta ambata.

To, ku da kuke ji, cikin mai wuta da mai ajiya da mai murya, wa Inna Tasalla za ta kira?