Mushe Illa Mai Ciyar da Iskoki

A unguwar Birni ta Zinder an yi wani tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, Mushe Illa, don Mushe ake kiran malamin lakwal a can. Mutum ne mai tsafta da riƙon amana, sai dai Allah ya jarabce shi da ƙin musu. Ya daɗe yana jin "to, Mushe" daga bakin ɗalibai, har ya ɗauka haka duniya take amsawa. Da ya ajiye aiki, matarsa kuma ta rasu, ba abin da ya rage masa sai ƙanwarsa Kulu mai aiko masa da tuwo, da tabarmar ciyayya ta ƙofar gidan Habu.

Nan magidanta ke haɗuwa bayan magariba, kowa da akushinsa, a ci tare. Dokar tabarmar guda ce: duk wanda ba a ga akushinsa ba, ba a sa hannu a tuwo sai an je an ƙwanƙwasa masa ƙofa.

Habu taubashin Illa ne, wasa tsakaninsu gado ne. Wata rana Illa ya tsaya yana yi wa dattawa bayanin yadda hadari ke haɗuwa, tuwo na hucewa.

"Bawana, ci abinci," in ji Habu. "Hadari ba ya cikin ɗalibanka."

Aka yi dariya. Illa ya suri akushinsa ya shige gida, da lomarsa a hannu.

A kwanakin fushin nan ya ci karo da wani mai koren rawani a cikin salula, yana koyar da yadda ake abota da iskoki. Na ruwa a zuba musu madara, na wuta a ƙona musu turare, na iska a watsa musu garin gero, na ƙasa a ajiye musu tuwo. Abin da ya kama zuciyar Illa shi ne inda mutumin ya ce su dai saurare suke yi, ba sa mayar da magana.

Sai ya samo wani lungu tsakanin manyan duwatsun bayan unguwa. Kullum da yamma can yake kai akushin Kulu. Ya zuba madara a kan falalen dutse, ya kunna turare, ya zauna ya yi ta bayani. Ya gama hadari, ya shiga tarihi, ya koma lissafi. Ba wanda ya katse shi. Da safe ya tarar da akushi tas, kamar an wanke.

"Yaya," Kulu ta ce masa, "tun da ka bar tabarma kana cinye tuwo ƙarƙaf, amma sai ramewa kake yi."

"Ke dai ki riƙa ƙara miya," ya ce.

Habu bai fasa zuwa ba. Kowace magariba sai ya buga ƙofa.

"Bawana, fito, ubangidanka na jira."

Ran nan Illa ya leƙo. "Na samu abokan da suka san darajar mutum."

"Madalla. Suna da haƙora?"

"Daga yau kada wanda ya sake taɓa ƙofar nan. Ko ba ku gan ni ba, ba ruwanku."

Habu ya dube shi, ya ga ba wasa a fuskar. Ya juya yana jan takalmi.

Ana nan, wata yamma Illa ya taka madarar da ya zuba da hannunsa. Santsi ya kwashe shi, ya faɗa tsakanin duwatsu, ƙafa ta karye. Ya kira iskokin ruwa, ƙishirwa ce ta amsa. Ya kira na iska, iskar kuwa ta zo, ta ɗauke masa hula ta wuce. Ya ji kiran magariba daga unguwa. Ya san yanzu an shimfiɗa tabarma, ya kuma san ba mai zuwa, don shi ya hana. Nan ya kwana.

Da hantsi wata mata, Maryama, ta biyo sawun awakinta, waɗanda suka daɗe suna ɓace mata suna dawowa da miya a gemu. Ta tarar da su kewaye da akushi, mai akushin na nishi a ƙasa.

"Ashe kai ne, Mushe," ta ce. "Allah ya saka da alheri. Har madararsu ta ƙaru."

Aka kai shi wurin wani maɗori a Dogo. Kunya ta sa ya roƙi Kulu ta ce wa duk mai tambaya ya yi tafiya. Can ya cinye damina, yana kwance yana shirya amsar da zai ba Habu in ya tsokane shi. Daga baya ya bar shirin. Ya ga tsokanar ma yake marmari.

Ranar da ya dawo, ya ɗauki akushi, ya dogara sanda, ya nufi ƙofar gidan Habu. Ya tarar da tabarma, da tsoho Ari maƙwabcin Habu zaune shi kaɗai.

"Ina sarkin surutun?" Illa ya tambaya.

Ari ya ce: "An yi arba'in ɗinsa makon jiya. Ciwon bai ja ba. Mun so mu aika, aka ce ka yi tafiya." Ya gyara zama. "Kullum sai ya bar gefen tuwonsa da ke kallon wurinka, ya ce na bawansa ne, kada a taɓa. Har ya kwanta bai daina ba."

Illa ya zauna a hankali. Ya buɗe akushi. Ari ba mai yawan magana ba ne, don haka Illa ya samu filin da ya daɗe yana nema. Bai ce komai ba.

To jama'a, darasin a fili yake. Wanda yake katse ka yana tsokanarka, shi ne mai lura in ba ka zo ba. Sadaka ta mai rai ce, roƙo kuwa wurin Allah ake kai shi, ba lungun dutse ba. In girman kai ya sa ka rufe ƙofa, ka tuna mai ƙwanƙwasawa ba zai dawwama ba. Buɗe masa tun yana tsaye.